Takardar da ake ta sabuntawa: yadda magungunan dangin mofin ke zame wa masu daɗaɗɗen ciwo haɗari

Yawancin mutanen da suka shekara biyar suna shan tiramadol ko kodin ko mofin saboda ciwon baya, babu ranar da wani likita ya zauna ya yanke shawarar cewa za su shekara biyar a kai. Na kwana goma aka rubuta musu ranar da ciwon ya tashi. Suka koma asibitin matakin farko, layi ya yi tsawo, aka sabunta takardar cikin minti biyar. A wata na uku wani likita daban suka gani, ya duba fayil ya ga abin da aka saba bayarwa, ya maimaita. A wata na shida majinyaci ya ce maganin ya daina yi masa aiki, aka ƙara. Barci ya lalace, aka haɗa masa da ƙwayar barci. Kowane mataki a cikin waɗannan, in aka ɗauke shi shi kaɗai, yana da hujjarsa. Haɗuwarsu ce ke kai mutum ga daren da numfashinsa zai ɗauke yana cikin barci.

Magungunan da likitoci ke kira ofiyod su ne mofin da danginsa: kodin, tiramadol, oksikodon, haidiromofon, metadon, fentanil, bufirenofin. Amfaninsu a ciwon sankara, da bayan tiyata, da karaya, da tashin ciwon sikila, da jinyar wanda ke gargarar ajali, ba abin musu ba ne, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi babbar matsalar ma rashin mofin ce ga waɗanda suke tsananin buƙatarsa. Maganar da ake yi a nan ta shafi wani rukuni ne daban, wato mai ciwon da ya haura wata uku wanda ba sankara ba: ciwon baya, amosanin gwiwa da ƙugu, ciwon wuya, ciwon jijiyoyi, ciwon kai mai yawan dawowa.

Daga ina aka samo ɗabi'ar

A 1980 wata mujallar likitoci ta Amurka ta buga gajeruwar wasiƙa ta Jane Porter da Hershel Jick. Sun ce cikin majinyata 11,882 da aka ba irin waɗannan magunguna, huɗu kacal aka tabbatar sun kamu da jarabarsu. Mutanen nan kuwa suna kwance ne a asibiti, ma'aikatan jinya na ba su maganin a ƙayyade, na ɗan lokaci. Duk da haka aka yi shekaru ana kafa hujja da wasiƙar cewa ba haɗari a ba mutum maganin ya tafi da shi gida ya yi ta sha. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarinta mai hawa uku na maganin raɗaɗi, wanda aka yi shi domin masu sankara, sai aka ɗauke shi aka ɗora wa masu ciwon baya, aka riƙa hawa da su mataki-mataki. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, wata ƙwayar oksikodon, kasuwa, ya tallata shi ga likitocin matakin farko da cewa haɗarin kamuwa da shi kaɗan ne, kuma a 2007 ya amsa laifin yaudara a kan wannan a gaban kotu. Zuwa 2012 ana rubuta takardun ofiyod sama da miliyan 255 a shekara a Amurka, kusan takarda 81 ga kowane mutum 100.

Da aka tashi auna amfanin da gaske, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Wani nazari da aka buga a 2018 ya tattara gwaje-gwaje 96, ya nuna cewa a ma'aunin raɗaɗi mai tsawon santimita 10, bambancin da ke tsakanin ofiyod da ƙwayar da ba magani a cikinta bai cika santimita ɗaya ba, kimanin 0.7 ne. Yawancin gwaje-gwajen ma ba su wuce 'yan watanni ba. A shekarar dai Erin Krebs da abokan aikinta suka buga sakamakon bibiyar tsofaffin sojoji 240 masu ciwon baya ko amosanin gwiwa da ƙugu na tsawon wata 12. Waɗanda aka ba ofiyod ba su fi sauran iya harkokinsu ba, raɗaɗinsu ma ya ɗan ɗara na waɗanda aka ba farasitamol da magungunan kumburi, kuma sun fi kokawa da illolin magani. A 2021 NICE, hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta ce kada a fara ofiyod sam ga mai daɗaɗɗen ciwon da ba a gano wata cuta da ke haddasa shi ba.

Abin da ke faruwa a jiki

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa, kuma cakuɗa su na sa a yi wa majinyaci mummunar fahimta. Na farko sabon jiki: adadin da ya yi aiki a watan farko ya daina yi a wata na huɗu. Na biyu dogaron jiki: in aka tsayar da maganin farat ɗaya mutum ya kama hamma, gumi, majina, murɗar ciki, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin sukuni. Waɗannan biyun kusan duk wanda ya sha maganin kullum na makonni zai same su, ko da bai taɓa ƙetare umarnin likita ba. Na uku shi ne jaraba, inda mutum ya rasa iko da shan, yana ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa a gida da wurin aiki. Ba kowa ke kai wa nan ba, amma babu likitan da zai iya duban fuska ya tabbatar da wanda ba zai kai ba.

Dogaron jiki yana da wata yaudara da ya kamata kowane mai rubuta magani ya sani. Mai shan ƙwaya mai gajeren aiki, da zarar ƙarfinta ya fara sauka a jini kafin lokacin ta gaba, sai alamomin yankewa su taso a matsayin ciwon jiki. Ya sha, ya ji sauƙi. A wurinsa wannan shaida ce cewa maganin na kashe masa ciwon baya, alhali raɗaɗin da ya lafa maganin ne da kansa ya kawo shi. Akwai kuma yanayin da yawan ofiyod ke sa jijiyoyi su ƙara saurin jin zafi, ciwon ya bazu zuwa wuraren da da ba ya nan. Likitan da ya ji wannan ƙorafi ya ƙara adadi, ya ƙara wa wuta itace ne.

Sannan sabon jiki ba ya tafiya bai ɗaya. Jiki na saurin sabawa da kashe raɗaɗi, amma sabawarsa da danne numfashi ba ta kai haka ba. Duk ƙarin da aka yi don cim ma raɗaɗin yana rage tazarar da ke tsakanin adadin da ake sha da adadin da ke kisa.

Tsawon takardar farko ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Wani bincike da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta buga a 2017 ya nuna cewa cikin waɗanda aka fara ba ofiyod, kusan kashi 6 cikin 100 suna nan a kai bayan shekara. Ga waɗanda shan farko ya kai kwana 8 ko fiye, adadin ya haura kashi 13. Ga waɗanda ya kai kwana 31 ko fiye, kusan kashi 30 ne.

Lissafin da ba a cika yi ba

Hanyar sanin nauyin da ke kan majinyaci ita ce a mayar da duk abin da yake sha a rana zuwa kwatankwacin miligiram na mofin. A jadawalin CDC na 2022, ana ninka kodin da 0.15, tiramadol da 0.2, oksikodon da 1.5, haidiromofon da 5, filastar fentanil kuma ana ninka maikurogiram ɗinta na kowace awa da 2.4.

A ɗauki mai shan kodin miligiram 30, ƙwaya biyu sau huɗu a rana. Miligiram 240 ke nan, daidai da mofin 36. Aka ƙara masa tiramadol miligiram 100 sau uku a rana, wato 300, daidai da mofin 60. Jimilla 96. Mutumin nan a fayil an rubuta masa magunguna biyu da ake kira masu sauƙi, ba wanda ya taɓa rubuta masa mofin, amma nauyin da yake ɗauke da shi ya kusa miligiram 100. Ko da an bi jadawalin da ya fi rangwame, mai ba kowannensu 0.1, jimillar 54 ce. Muhimmancin wannan adadi shi ne, binciken da Kate Dunn da abokan aikinta suka buga a 2010 ya nuna cewa in aka kwatanta da masu shan ƙasa da miligiram 20, haɗarin maganin ya fi ƙarfin jiki ya ninka kusan sau huɗu ga masu shan 50 zuwa 99, ya kuma ninka kusan sau tara ga masu shan 100 ko fiye. Daga 50 zuwa sama, haɗari na ta hauhawa, sauƙin raɗaɗi kuwa da ƙyar yake ƙaruwa.

Wannan jadawali na auna haɗari ne. Babban kuskure ne a yi amfani da shi kai tsaye wajen sauya wa mutum magani. Sabon da jiki ya yi da oksikodon ba ya komawa gaba ɗaya kan mofin, don haka in an lissafa kwatankwacin sai a zabge kashi 25 zuwa 50 kafin a fara sabon.

Haɗin da ya fi kashe mutane

Da wuya a samu mai daɗaɗɗen ciwo da ke barci yadda ya kamata, kuma ta nan ƙwayoyin barci irin su dayazefam da danginsa ke shigowa. Ofiyod na rage umarnin numfashi daga ƙwaƙwalwa, ƙwayar barci kuma na hana mutum farkawa lokacin da iska ta yi masa ƙaranci. A 2016 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta sa gargaɗinta mafi tsanani a kan haɗa su. A 2019 ta yi gargaɗi kan gabafentin da firegabalin, magungunan ciwon jijiya waɗanda likitoci da yawa suka koma wa da tunanin ba su da haɗari, cewa su ma suna danne numfashi in aka haɗa su da ofiyod, musamman ga tsofaffi da masu ciwon huhu. Giya ma haka take. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke yankewa cikin barci, tun kafin a ba shi komai yana bakin rami. Tambayar mai ɗakinsa ko maigidanta yadda barcin yake tana bayyana abin da gwajin jini ba zai nuna ba.

Kowane magani kuma da irin tarkonsa. Kodin ba ya aiki sai hanta ta mayar da shi mofin ta hanyar wani sinadari mai suna CYP2D6. Wasu mutane an haife su sinadarin ba ya aiki, kodin ba ya kashe musu raɗaɗi sai dai ya bar su da maƙarƙashiya. Wasu kuma nasu na aiki da sauri ainun, ƙwaya ta yau da kullum ta zame musu mofin mai yawa, kuma wannan hali ya fi yawa a Habasha da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Shi ya sa ba a ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin ko tiramadol, ba a kuma son mai shayarwa ta sha. In kodin ɗin haɗe yake da farasitamol, mai ƙara ƙwaya don neman sauƙi zai haye giram 4 na farasitamol a rana ya lalata hantarsa bai sani ba. Tiramadol iyakarsa miligiram 400 a rana, 300 ga wanda ya haura shekara 75. Yana iya tayar da farfaɗiya, kuma haɗa shi da magungunan ciwon damuwa irin su fuluwoksetin na iya kawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Mofin kuwa ta ƙoda ragowarsa ke fita, don haka tsohon da ƙodarsa ta raunana zai iya shafe shekara a kan adadi ɗaya lafiya lau, ranar da gudawa ta tsotse masa ruwan jiki adadin nan ya kwantar da shi.

Filastar fentanil ta fi kowanne ruɗar mutane, saboda ba a haɗiye ta. Mai maikurogiram 25 a awa daidai take da mofin kusan 60 a rana, mai 50 kuma kusan 120. Ba a manna wa wanda jikinsa bai saba ba, wato wanda bai kai mako guda yana shan kwatankwacin mofin 60 a rana ba. Tana ɗaukar awa 12 zuwa 24 kafin ta kama aiki sosai, sai mai haƙuri kaɗan ya ƙara ta biyu. Ana sauya ta duk awa 72, kuma dole a cire tsohuwar kafin a manna sabuwa. Zafi na ƙara yawan abin da fata ke tsotsa, don haka zazzaɓi ko wanka da ruwa mai zafi sosai ko ɗora abin gashi a kanta na iya zama sanadin mutuwa. Wadda aka cire ma da sauran magani a cikinta da zai iya kashe yaro. A ninke ta, gefen mai danƙo ya haɗe, a kawar da ita inda hannu ba ya kaiwa. Metadon kuma kashe raɗaɗinsa awa 4 zuwa 8 ne, amma yana iya yin kwanaki a jiki yana taruwa, har ya danne numfashi a kwana na uku ko na biyar. Yana kuma taɓa tsarin bugun zuciya. Likitan da bai ƙware a kansa ba, barinsa ya fi.

Akwai illolin da ba sa kisa amma suna cin mutum a hankali, kuma ba a cika danganta su da maganin ba: maƙarƙashiyar da jiki ba ya taɓa sabawa da ita, raguwar sinadaran sha'awa da rikicewar al'ada, kasala, faɗuwa da karaya ga tsofaffi, da baƙin cikin da ke daɗa zurfi.

In har za a fara

Tun ran gini ran zane. Kafin ƙwaya ta farko, a tabbatar an gwada abubuwan da suka fi dacewa da ciwon: motsa jiki da aka tsara, gashi, rage ƙiba ga mai amosanin gwiwa, magungunan kumburi na shafawa ko na sha in ciki da ƙoda za su ɗauka, amitiriftilin ko dulokzetin ga ciwon jijiya, da kula da barci da damuwa. In duk an yi kuma ana ganin ofiyod zai iya taimakawa, a faɗa wa majinyaci a fili cewa gwaji ne, a kuma rubuta abin da ake nema da shi: ya iya tafiyar minti 20, ko ya koma bakin aiki, ko ya samu barcin awa shida. Akwai ma'auni mai tambaya uku, kowace daga 0 zuwa 10: matsakaicin raɗaɗi a makon da ya wuce, yadda ya hana jin daɗin rayuwa, yadda ya hana harkokin yau da kullum. In bayan gwajin ba a samu sauƙin kashi 30 ba, maganin bai ci jarrabawa ba, a sauka daga kansa.

A fara da mai gajeren aiki, kwatankwacin mofin 20 zuwa 30 a rana. A sake ganin majinyaci cikin mako 1 zuwa 4, daga nan aƙalla duk wata uku, ido da ido. Likita ɗaya ya riƙe takardar. A tambayi tarihin shaye-shaye da ciwon damuwa kamar yadda ake tambayar hawan jini, ba tare da tuhuma ba. In za a yi gwajin fitsari, a san cewa na gama-gari yakan kasa gano fentanil da metadon, wani lokaci har da oksikodon, don haka sakamakon da ya zo ba yadda aka zata ba dalilin zama a tattauna ne da sake gwaji mai zurfi. Korar majinyaci a kansa zalunci ne.

Wanda aka gada a kai

Mafi wuya shi ne majinyacin da likita ya tarar ya shekara da shekaru a kan adadi mai yawa. Bayan jagorar CDC ta 2016, wadda ta ce a guji kaiwa kwatankwacin mofin 90 a rana sai da ƙwaƙƙwarar hujja, asibitoci da kamfanonin inshora da dama a Amurka suka mayar da 90 ɗin doka, suka riƙa zabge wa mutane magani cikin 'yan kwanaki, wasu aka yanke musu gaba ɗaya. Gudun gara aka faɗa gidan zago. Wasu suka koma sayen ƙwayoyin bayan fage masu gauraye da fentanil, wasu suka hallaka kansu. A 2019 FDA ta yi gargaɗi a kan yankewar gaggawa, kuma wani bincike na 2021 ya nuna cewa waɗanda aka rage wa magani sun fi shiga haɗarin maganin ya fi ƙarfin jiki da rikicewar tunani fiye da waɗanda aka bari yadda suke. Jagorar 2022 ta fito ƙarara ta ce adadin ba katanga ba ne.

Saukar da mutum daga ofiyod yaye ne, kuma yaye sai a hankali. Ga wanda ya haura shekara yana sha, kashi 10 cikin 100 a wata ko ƙasa da haka. Mai miligiram 90 zai sauka zuwa 81 a watan farko, ya zauna a nan har jiki ya daidaita. Ga wanda makonni ko 'yan watanni ya yi, kashi 10 a mako na iya yiwuwa. Ƙarshen hanyar ya fi farkonta wuya, domin cire miligiram 10 daga 90 ba ɗaya ba ne da cire 10 daga 20, don haka a ƙanƙanta matakan yayin da ake sauka. A gaya masa tun farko cewa raɗaɗi na iya ƙaruwa na ɗan lokaci bayan kowane ragi sannan ya lafa. In rayuwa ta rikice masa, a dakata a inda ake. Ba dole sai an kai sifili ba. Wanda ya sauko daga 120 zuwa 40 ya rage haɗarinsa sosai. In yana shan ƙwayar barci ita ma, ba a yanke ta farat ɗaya, domin hakan na iya kawo farfaɗiya, kuma ya fi kyau a bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya wajaba ya ji da kunnensa shi ne, bayan mako guda kacal da raguwa jikinsa ya fara rasa sabonsa, komawa tsohon adadi na iya kashe shi. Haka abin yake ga wanda ya fito daga kwanciyar asibiti ko gidan yari.

In a cikin haka aka gano jaraba ce, rage magani kaɗai ba zai wadatar ba. Cuta ce mai magani, kuma bufirenofin da metadon su ne aka tabbatar suna rage mace-mace a cikinta. Bufirenofin yana da iyakar da danne numfashinsa ba ya wucewa sosai, yana kuma kashe raɗaɗi, shi ya sa yakan dace da wanda ya kasa sauka ya kuma kasa zama lafiya a kan abin da yake sha.

Duk wanda ya kai kwatankwacin mofin 50 a rana, ko yake haɗawa da ƙwayar barci, ko yake da ciwon huhu ko yankewar numfashi a barci, ko ake cikin rage masa, ya kamata a samu nalokzon, maganin da ke karya ƙarfin ofiyod in ya danne numfashi, a gidansa, kuma mutanen gidan ne za a koya wa, tunda shi a lokacin ba ya cikin hayyacinsa. Alamomin cewa maganin ya fi ƙarfin jiki su ne: a tashe shi ya ƙi tashi, numfashi ya yi jinkiri ko ya koma wani irin minshari mai kakari, leɓɓa da farce su sauya launi, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura. Na fesawa a hanci miligiram 4 ne. A fesa a hanci ɗaya, a kira agajin gaggawa, in ba ya numfashi a hura masa iska, in bai farfaɗo ba cikin minti 2 zuwa 3 a fesa na biyu a ɗaya hancin, in ya fara numfashi a kwantar da shi ta gefe. Aikin nalokzon minti 30 zuwa 90 ne, ofiyod ɗin da ke jikinsa kuwa na iya wuce haka nesa ba kusa ba, musamman metadon da filastar fentanil, don haka ko ya miƙe ya ce ya warke, a zauna da shi har a kai shi asibiti.